Yadda Jiha da Ƙaramar Hukuma Za Su Cika Sharuɗɗan Dokar Ilimin Bai Ɗaya

Dokar Ilimin Bai Ɗaya ta shekarar 2004, wadda ta biyo bayan shirin da Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, ta ɗora wa kowace gwamnati a Najeriya nauyin ba kowane yaro ilimi kyauta kuma dole, shekara shida a firamare da shekara uku a ƙaramar sakandare. A ofisoshi da yawa, da zarar an ambaci wannan doka, abin da ke fara zuwa a rai shi ne kuɗin da ke zaune a Abuja da hanyar da za a bi a karɓo su. Kuɗin suna da muhimmanci ƙwarai, kuma za a yi bayaninsu dalla-dalla a nan gaba, amma abin da dokar ta nema shi ne a ga yaro zaune a aji, da malami a gabansa, ba tare da an karɓi ko kwabo daga hannun iyayensa ba. Wannan bayani domin ma'aikatan hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha ne, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, da hedimastoci, da 'yan kwamitin kula da makaranta, da duk mai son sanin inda aikin yake tsayawa idan ya tsaya.

A fara da sanin wanda ke da alhakin me

Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da ikon yi wa doka tare, sannan ya ba ƙananan hukumomi rabo wajen samar da makarantun firamare da kula da su. Saboda haka ne sashe na farko na dokar 2004 ya fayyace cewa abin da gwamnatin tarayya ke yi taimako ne kawai ga jihohi da ƙananan hukumomi. Makarantar da rufinta ya yaye a wani ƙauye na Jigawa ko Zamfara ba ta Abuja ba ce, ta jiha ce da ƙaramar hukuma, kuma su za a fara tambaya.

Dokar ta shimfiɗa matakai uku. A sama akwai Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Ƙasa, wato UBEC, wadda ke tsara manufofi, tana gindaya mafi ƙarancin ƙa'idojin da makaranta za ta cika, tana rarraba tallafi, tana kuma bin sawun yadda aka kashe shi. A tsakiya akwai hukumar jiha, wato SUBEB, wadda sashe na 12 ya tanada, kuma ta hannunta kaɗai kuɗin tarayya ke shiga jiha. A ƙasa akwai hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da sashe na 13 ya tanada, ƙarƙashin sakataren ilimi. Hukumomin nan biyu, ta jiha da ta ƙaramar hukuma, majalisar dokokin jiha ce ke fayyace tsarinsu da aikinsu, don haka aikin farko na duk wanda aka naɗa shi ne ya nemo dokar jiharsa ya ajiye ta kusa da ta tarayya, ya karanta su tare. Sau da yawa dokar jiha ce ke faɗin wanda ke naɗa sakataren ilimi, da wanda ke ɗaukar malamai a kowane mataki na albashi, da wanda ke da ikon canza wa malami wurin aiki. Akwai kuma jihohin da ƙananan sakandare ke hannun ma'aikatar ilimi ko wata hukuma daban, alhali dokar tarayya ta lissafa su cikin ilimin tushe. Inda haka take, wajibi ne a zauna a rubuta yarjejeniya a kan wanda zai kawo alƙalumansu da wanda zai kula da ayyukansu, in ba haka ba sai su faɗa tsakani, kowa yana zaton ɗayan ne ke ɗauke da su.

Kada kuma a ɗauka cewa wannan alhaki nasiha ce kawai. A shekarar 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa, albarkacin dokar 2004, ilimin firamare da na ƙaramar sakandare kyauta haƙƙi ne da ɗan ƙasa zai iya nema a gaban kotu, kuma kafin nan Kotun ECOWAS ta riga ta tabbatar da haƙƙin ilimi a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP ta shigar.

Ƙidaya ta gaskiya kafin komai

Duk abin da zai biyo baya a kan alƙaluma yake tsaye, kuma alƙaluman daga makaranta suke fitowa. Kowace shekara ana gudanar da ƙidayar makarantu, inda hedimasta ke cike fom mai tambayar yawan ɗalibai maza da mata a kowane aji, da yawan malamai da takardunsu, da ajujuwa masu kyau da waɗanda suka lalace, da bencina, da banɗaki, da ruwan sha. Fom ɗin yana zuwa ofishin sakataren ilimi, daga nan ya wuce sashen tsare-tsare da ƙididdiga na jiha, sannan ya shiga rumbun bayanan ilimi na ƙasa.

A nan ne cuta ta farko ke shiga. Hedimasta yakan kumbura yawan yara saboda yana fatan ƙarin malamai ko kaso mai tsoka idan an zo rabon littattafai ko abinci, wani kuma yakan kwafe alƙaluman bara ya ƙara 'yan kaɗan don ya huta. Maganin wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Jami'in da ke kula da rukunin makarantu ya isa makaranta da misalin ƙarfe tara na safe ba tare da ya sanar ba, ya nemi rajistar shiga makaranta da rajistar kiran suna ta kowane aji, ya shiga ajin ya ƙirga kawuna da kansa, ya rubuta lambobin uku a jere. Idan rajistar shiga ta ce 140, ta kiran suna ta ce 110, kawuna kuma suka tsaya a 70, to akwai labari, kuma labarin shi ne abin da jiha ke buƙatar sani: ko dai akwai sunayen da babu masu su, ko kuwa yaran na nan amma talla da kiwo da aikin gona sun ɗauke su. Ya kamata a maimaita ziyarar ranar kasuwar garin da kuma tsakiyar damina, domin makarantar karkara fuska biyu gare ta.

Rabi na biyu na ƙidayar, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne yaran da ba su taɓa shiga rajista ba. Fom ɗin makaranta ba zai nuna su ba. Sai an bi gida-gida tare da mai unguwa da dagaci, a rubuta duk yaron da ya kai shekara shida zuwa sha biyar, a tambaya ko yana zuwa wata makaranta, ta boko ko Islamiyya ko tsangaya. Ƙaramar hukumar da ba ta da wannan jeri ba za ta iya cewa ta cika sashe na 2 na dokar, wanda ya wajabta ba kowane yaro ilimi, ba, domin ba ta ma san adadin waɗanda ke bin ta bashin ilimi ba.

Yadda ake karɓo tallafin tarayya

Sashe na 11 ya ce gwamnatin tarayya za ta ware abin da bai gaza kashi 2 cikin 100 na asusun haɗakar kuɗaɗen shigarta ba domin ilimin tushe. Shekaru da dama ana raba wannan kuɗi ne ta yadda rabinsa zai tafi tallafin haɗin gwiwa da jihohi, sauran kuma a rarraba tsakanin kayan koyarwa, da horar da malamai, da cike giɓin ilimi tsakanin yankuna, da ilimin masu buƙata ta musamman, da ladan jihohin da suka yi ƙoƙari, da aikin sa ido. Tallafin haɗin gwiwar ana raba shi daidai wa daida tsakanin jihohi 36 da Birnin Tarayya, wato abin da Kano za ta samu shi Bayelsa za ta samu, duk da tazarar yawan yara da ke tsakaninsu. A ganina wannan rabo yana da rauni, domin yana nufin jihohi masu cunkoson yara ba za su taɓa dogaro da shi kaɗai ba, dole su ƙara daga aljihunsu fiye da abin da doka ta tilasta. Amma tun da haka tsarin yake, barin kuɗin a Abuja ya fi komai muni.

Sharaɗin dokar shi ne jiha ta zuba abin da bai gaza rabin kuɗin ayyukan ba. A aikace, duk nairar da tarayya ta ware, jiha za ta ajiye naira ɗaya a gefenta. Ga yadda ake bin sa.

Da farko, a sa kason jiha cikin kasafin kuɗin shekara da sunansa, a layi na kansa, kada a cusa shi cikin jimlar kuɗin ma'aikatar ilimi. Shugaban SUBEB ya nemi sanin adadin da aka ware wa kowace jiha tun kafin a kammala kasafi, ya kai wa kwamishinan ilimi da na kasafin kuɗi a rubuce. Kuɗin da ba ya cikin kasafi sai an jira ƙaramin kasafi, kuma ta haka ne shekara ɗaya ke hawa kan wata har bashi ya taru.

Bayan gwamna ya amince, Akanta Janar na jiha ya tura kuɗin cikin asusun musamman da SUBEB ta buɗe domin wannan tallafi kaɗai, a karɓi takardar banki da ke nuna shigarsu. Wannan asusu ba a biyan albashi daga cikinsa, ba a sayen motar ofis, ba a kuma ranta wa wata ma'aikata da sunan za a mayar. Akwai wata dabara da aka sha zargin wasu da ita, ta zuba kuɗi a asusun don a samu takardar shaida, sannan a janye su da zarar kason tarayya ya iso. Wannan yaudara ce tsagwaronta, masu binciken kuɗi suna gano ta daga bayanan banki cikin sauƙi, kuma sakamakonta shi ne ayyukan da aka tsara a kan kuɗi biyu su ƙare da rabin kuɗi.

Sai tsarin aiki, wanda shi ne zuciyar neman. Takarda ce da ke jera kowane aiki da za a yi da kuɗin: sunan makaranta, da ƙaramar hukumarta, da irin aikin, ko sabon gini ne ko gyara ko bencina ko rijiyar burtsatse ko katanga, da zanen gini, da ƙididdigar kayan aiki da farashinsu. UBEC tana da ƙa'idar yadda za a kasafta kuɗin tsakanin ajin share fage da firamare da ƙaramar sakandare, da kuma tsakanin gini da sauran fannoni. An sha yi wa wannan ƙa'ida kwaskwarima, don haka a nemi wadda ke aiki a shekarar da ake ciki, kada a ɗauko ta tsohon fayil. Abin da ya fi jawo a dawo wa jiha da tsarinta shi ne farashin da ya zarce kima, da aikin da aka maimaita a makarantar da aka riga aka yi wa, da makarantar da ba a same ta cikin ƙidaya ba.

A nan ya kamata a tsaya a kan yadda ake zaɓen makarantun, domin a nan ne doka da siyasa ke haɗuwa. Hanyar da ta dace ita ce sakataren ilimi ya jera makarantunsa bisa tsananin buƙata, yana dogaro da alƙaluman da aka tantance: yara nawa ke cikin aji ɗaya, nawa ke zaune a ƙasa, wace makaranta ce ba ta da banɗakin 'yan mata, wace ce ake karatu a gindin bishiya. Ya sa hannu, shugaban kwamitin kula da kowace makaranta ya sa hannu, sannan jerin ya tafi jiha. Babu shakka ɗan majalisa zai zo da nasa jerin, shugaban ƙaramar hukuma ma haka, kuma ba laifi ba ne wakili ya nema wa mazaɓarsa aiki. Abin da ma'aikaci zai riƙe shi ne rubutaccen ma'auni da aka amince da shi tun kafin a fara rabo, ta yadda zai iya cewa, ranka ya daɗe, makarantar da ka kawo tana ta goma sha biyu a jeri, ga goma sha ɗayan da ke gabanta da dalilinsu. Idan babu wannan ma'auni, sai a wayi gari makarantar bakin titi ta samu sabon fenti sau uku, ta cikin lungu kuwa ko allo babu.

Idan UBEC ta gamsu da tsarin, ta ga shaidar kason jiha, ta kuma tabbatar an yi amfani da tallafin baya yadda ya kamata, sai ta saki nata kason cikin asusun. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana nufin jihar da ba ta kammala ayyukan baya ba, ko ba ta kawo bayanin kashe kuɗinsu ba, ta toshe wa kanta hanya. A ƙarshen shekarar 2024 hukumar, ƙarƙashin Dakta Hamid Bobboyi a lokacin, ta bayyana cewa fiye da naira biliyan 100 na zaune jihohi ba su karɓa ba. Mafi yawan wannan jinkiri daga rashin zuba kason jiha yake, kuma kowace shekara da kuɗin suka ƙara a ajiye, tsadar siminti da kwano tana rage yawan ajujuwan da za su iya ginawa.

Kwangila da sa ido

Bayar da kwangila yana bin dokar sayen kayan gwamnati ta jiha: a tallata a jarida, a buɗe takardun neman aiki a bainar jama'a, a ajiye rahoton tantancewa. Wannan sananne ne, ba sai an tsawaita ba. Abin da ya fi buƙatar kulawa shi ne abin da ke faruwa bayan ɗan kwangila ya isa makaranta. A miƙa masa wurin aiki a gaban hedimasta da 'yan kwamitin makaranta, a ba su kwafin bayanin aikin, a karanta musu da Hausa: aji nawa, ƙofa da taga na ƙarfe ko na katako, kaurin kwano, bencina nawa. Mutanen gari su ne ke wurin kullum, su za su ga ranar da aka buga bulo da yashi mai yawa da siminti kaɗan, alhali injiniyan jiha sai ya yi mako biyu bai leƙo ba. Kada a biya kowane kaso na kuɗi sai da takardar injiniya da hotunan aiki masu kwanan wata, a kuma riƙe wani ɓangare na kuɗin har damina ɗaya ta wuce a kan rufin. Ginin da aka miƙa babu bencina, ko banɗakin da aka gina babu ruwa kusa, bai cika manufar da aka nemi kuɗin dominta ba, ko da takardunsa sun cika.

Kyauta na nufin kyauta

Sashe na 3 ya ce hidimomin da ake bayarwa a makarantun firamare da ƙananan sakandare na gwamnati kyauta ne, kuma duk wanda ya karɓi kuɗi ya aikata laifin da hukuncinsa ya kai tarar naira 10,000 ko ɗaurin wata uku ko duka biyun. A fassarar dokar, hidimomin sun haɗa da littattafai da kayan koyarwa da ajujuwa da kujeru da abincin rana. Wannan shi ne sashen da aka fi karyawa, kuma yawanci ba da mugun nufi ba.

A duba halin hedimastan da aka buɗe zango ba a ba shi ko sisi ba. Alli ya ƙare, rajista ta cika, ƙofar aji ta ɓalle, ga jarrabawar ƙarshen zango tana buƙatar takarda da kuɗin buga tambayoyi. Sai ya ce kowane yaro ya kawo naira ɗari na jarrabawa, da tsintsiya ɗaya, da kuɗin katin sakamako, ya kira shi gudummawar iyaye. Ga magidanci mai 'ya'ya shida a makaranta wannan ɗari-ɗari ba ƙaramin abu ba ne, kuma idan ya zo zaɓen wanda zai zauna a gida, galibi 'ya mace ce ke zama. Takardar gargaɗi daga jiha ba za ta hana wannan karɓa ba muddin buƙatar tana nan. Hanyar cika doka ita ce jiha ta ware wa kowace makaranta kuɗin gudanarwa gwargwadon yawan ɗalibanta, ta tura su a farkon kowane zango cikin asusun makarantar, wanda hedimasta da shugaban kwamiti za su riƙa sa wa hannu tare, a kuma liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a jikin bangon ofis. Bayan an yi haka ne hukunta mai karɓar kuɗi zai zama adalci. Idan iyaye da kansu suka ga dama suka yi karo-karo don wani aiki, a rubuta shi a littafin taron kwamiti, a kuma rubuta ƙarara cewa ba za a kori yaro ko a hana shi jarrabawa saboda mahaifinsa bai bayar ba.

Malamai

Tallafin haɗin gwiwa ba ya biyan albashi. Albashin malaman firamare ya daɗe yana fitowa daga kason ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, SUBEB kuma ta biya. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sa dole kowace jiha ta zauna da shugabannin ƙananan hukumominta da ƙungiyar malamai a rubuta yadda albashin zai riƙa fita kafin komai, domin waɗanda suka yi aiki a shekarun da ƙananan hukumomi ke riƙe da albashi kai tsaye suna tuna watannin da malamai suka yi babu biya.

Ƙa'idar ƙasa ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa takardar NCE ce, kuma malami ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, da aka kafa a 1993. Manufar ilimi ta ƙasa ta sa malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Sakataren ilimi ya ajiye jerin malamansa da takardar kowa, da darasin da ya karanta, da makarantar da yake, ya riƙa gwada shi da takardar biyan albashi, domin ta haka ake gano malaman bogi da waɗanda suka rasu ana ci gaba da karɓar kuɗinsu. Sau da yawa matsalar ta rabo ce kafin ta zama ta ƙaranci: makarantar cikin gari tana da malamai fiye da ajujuwanta, ta ƙauye mai aji shida tana da biyu. Gyaran wannan yana buƙatar alawus na karkara da ake biya da gaske, da ɗaukar 'yan asalin yankin, da kuma tsayuwar shugaba a kan takardar canjin wurin aiki idan aka fara kawo masa roƙo. Game da malaman da ba su cancanta ba, abin da ya faru a Kaduna a 2017, lokacin da aka sallami fiye da malamai 21,000 bayan jarrabawar gwaji, ya nuna girman matsalar, ya kuma nuna cewa dole a tanadi masu maye gurbi kafin a taɓa kowa. Kuɗin horar da malamai da UBEC ke bayarwa a kai su ga waɗanda ke tsaye a gaban allo, musamman masu koyar da karatu da lissafi a aji ɗaya zuwa uku.

Waɗanda dokar ta ambata da suna

Dokar ta lissafa 'ya'yan makiyaya, da 'ya'ya mata, da almajirai, da yaran da ke gararamba a titi, da masu buƙata ta musamman cikin waɗanda shirin ya ƙunsa. Jihar da tsarin aikinta bai taɓo su ba ta bar wani ɓangare na dokar a baya. Akwai hukumomin tarayya da za a haɗa hannu da su: hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989, da hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta da aka kafa da dokar 2023. A batun tsangaya, aikin yana tafiya ne idan an fara da alaramma, aka tambaye shi sa'o'in da yaran ba sa karatun allo, aka kawo malamin lissafi da karatu a waɗannan sa'o'i, aka kuma taimaka da abinci, tun da yunwa ce ke fitar da yaro bara. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta buƙaci gine-ginen gwamnati su zama masu shiguwa ga kowa, don haka kowane sabon aji ya zo da gangaren hawan keke tun daga zane.

Tilasta wa iyaye

Sashe na 2 ya tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta: jan kunne a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu, sannan naira 5,000 ko wata biyu daga nan, kuma kotun majistare ce ke sauraron ƙarar. Dokokin wasu jihohi sun ƙara nasu tanadi. Ra'ayina shi ne kotu ta zama matakin ƙarshe. Idan yaro ya yi mako biyu bai zo ba, malamin aji ya sanar da hedimasta, wata uwa daga cikin kwamiti ta je gidan ta ji dalili, in bai yi ba a kai maganar gaban mai unguwa ko dagaci, a rubuta kowane mataki da kwanan wata. Yawancin lamura a nan suke ƙarewa. Kuma kafin gwamnati ta gurfanar da uba, ta tabbatar akwai makaranta a inda ƙaramin yaro zai iya takawa, akwai malami a cikinta, ba a kuma karɓar kuɗi.

Rufe littafi da buɗe na gaba

Jami'an UBEC suna zuwa duba ayyuka da binciken kuɗi lokaci-lokaci, ga kuma Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha da kwamitin ilimi na majalisa. Kowane aiki ya kasance da fayil ɗinsa, wanda ke ɗauke da tallar jarida, da takardar ba da kwangila, da takardun injiniya, da shaidar kowane biya, da hotuna, da takardar karɓar aiki mai sa hannun hedimasta da shugaban kwamiti. Littattafai da kayan koyarwa da aka turo a shigar da su littafin sito, a fitar da su da takardar karɓa ta kowace makaranta cikin makonnin farko na zango, domin littafin da ke kulle a sito har gara ta ci bai kai ga yaro ba. Sakataren ilimi ya aika rahoton kowane zango zuwa jiha da alƙaluman halarta, da malaman da suka yi fashi, da sakamakon jarrabawa, da adadin 'yan aji shida da suka samu gurbi a ƙaramar sakandare. SUBEB ta haɗa waɗannan da bayanin kuɗi ta miƙa wa UBEC ba tare da jiran a nema ba, kuma tun ana tsakiyar ayyukan bana a fara tattara jerin makarantun baɗi, ta yadda lokacin da ake tsara sabon kasafi a watannin ƙarshen shekara, takardar neman kason jiha tana kan teburin kwamishina.